Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ƙwadago: Yinin Maigadi Awa 12 Ne

Mai girma Ministan Ƙwadago, Dakta Abdul-Rashid Pelpuo, shugaban Kwamitin Ɓangarori Uku na Ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina rubuto maka wannan takarda daga Nima. Na zaɓi in rubuta ta da Hausa, a bainar jama'a, domin waɗanda maganar ta shafa su karanta, wanda bai iya karatu ba kuma ɗansa ya karanta masa. Kai mutumin Wa ne a arewacin Ghana, ranka ya daɗe, ba sai an gaya maka su wane ne ke kwana a zaune a bakin ƙofofin Akra ba. Mutanen Bawku ne, da Tumu, da Walewale, da Yendi, da mu 'ya'yan zango da aka haifa a nan.

Ni tsohon maigadi ne. Shekara 11 na yi ina sanye da kakin wani kamfanin tsaro mai zaman kansa, daga wani sito a hanyar Spintex, zuwa gidan wani mai hali a East Legon, zuwa bakin ƙofar wani banki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin har yanzu akwai 'yan uwana da ke cin abinci a can, kuma abin da ya yi mana ba shi kaɗai ke yi ba. Duk inda aka kai ni tsarin ɗaya ne: shida zuwa shida. Mai rana ya karɓa ƙarfe shida na safe ya miƙa shida na yamma, mai dare ya karɓa ya kai safiya. Kwana shida a mako, wani lokaci bakwai. In kana aikin rana, sallar asuba a tasha take samunka, don in ka bari gari ya waye cunkoson motoci zai sa ka makara, in ka makara sufabaiza ya rubuta, ƙarshen wata a yanke. In mai canjinka bai zo ba, ba ka da ikon barin ƙofa, sai ka zarce. Na taɓa yin awa 36 a jere a bakin sito ɗaya, daga ni sai tocila da kulki da butar alwala. Da wata ya ƙare ko pesewa ba a ƙara mini ba. Na tambaya, aka ce ai albashina ya haɗa komai.

Shekara 11 na yarda da wannan amsa, domin ban san da wata ba.

Da gwiwoyina suka fara ba ni wahala na ajiye kaki, na kama ɗan shagon buga takardu da kwafi a unguwa. Wata rana wani ɗalibi ya kawo Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, a yi masa kwafi. Ina jujjuya shafukan a kan injin idona ya faɗa kan maganar awowin aiki, sai na fitar da kwafi na biyu na ajiye wa kaina. Da dare na zauna da ƙamus. Sashe na 33 ya ce lokacin aikin ma'aikaci kada ya wuce awa 8 a rana ko awa 40 a mako. Dokar ta yarda a karkasa awowin ta wata siga in yanayin aiki ya buƙata, amma in an haɗa lissafin mako huɗu dole ya komo kan wannan ma'auni. Sashe na 35 ya ce duk abin da ya haura lokacin da aka ƙayyade, aikin ƙarin lokaci ne, wato obatayim, kuma ba za a nemi ma'aikaci ya yi shi ba sai in wurin aikin ya riga ya tsayar da farashin da zai biya. Sashe na 41 ya ba ma'aikaci hutun awa 12 a jere tsakanin aikin yau da na gobe, na 42 ya ba shi awa 48 a jere kowane mako. Da na kai sashe na 69 sai na ajiye takardar na yi shiru, domin a nan aka hana mai aiki cin ma'aikaci tarar kuɗi a kan kowane irin dalili. Na tuna duk abin da aka yanke mini na makara, da na gyangyaɗi, da na rashin hula. Dokar tana nan tun kafin in sa kaki. Ba wanda ya taɓa karanta mana ita.

Ranka ya daɗe, ga lissafin da na yi daren nan, na kuma sabunta shi da farashin bana. Kwamitin da kake shugabanta, mai wakilan gwamnati da na masu ba da aiki da na ƙungiyoyin ƙwadago, ya tsayar da mafi ƙarancin ladan yini a kan sidi 21.77 daga farkon Janairun 2026. A al'adar lissafin ƙasar nan ana ninka ladan yini sau 27 a sami na wata, ya kama sidi 587.79. To, a ce ga maigadi ana ba shi sidi 800 a wata. Duk wanda ya dubi takarda zai ce kamfani ya sauke nauyi, har da ƙari. Amma yinin da doka ta sani awa 8 ne, wato kowace awa ta tashi a kan kimanin sidi 2.72. Maigadin nan yana yin awa 12 sau 26 a wata, awa 312 ke nan. Raba 800 gida 312, sai ka ga awarsa ta faɗo kimanin sidi 2.56. Mutumin da ake gani yana sama da mafi ƙarancin albashi, a gaskiya yana ƙasa da shi, kuma ko shi kansa bai sani ba.

Akwai wata hanyar da ta fi saurin shiga kunnen abokan aikina in ina yi musu bayani. Awa 4 na ƙari kowace rana, sau 26, ya ba da awa 104. In ka mayar da su yinin doka, kwana 13 ne. Kowane wata maigadi na ba da aikin kwana 13 ba lada, kuma ban ma sa awa 8 na farko na rana ta shida a lissafin ba, wadda ita gaba ɗayanta ta haura awa 40 na mako. A shekara kwana 156. A shekara 11 ɗin da na yi, kwana 1,716, sama da shekara huɗu da rabi. A cikin waɗannan kwanaki babban ɗana ya tashi daga rarrafe ya shiga makaranta ina ganinsa yana barci in fita, in dawo in same shi yana barci. Mahaifiyata ta yi jinyarta ta ƙarshe ina leƙa ta ranar hutu kaɗai. Kuɗin da aka hana ni yana yi mini ciwo, amma waɗannan sun fi yi.

Abin da ya sa na rubuto maka kai, ban rubuta wa masu kamfani ba, shi ne akwai wani giɓi a cikin dokar kanta. Ta ce a biya obatayim, ta ce mai aiki ya tsayar da farashi, amma ba ta faɗi nawa ba. Inda akwai ƙungiya mai ƙarfi, kamar ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta Tema ko na ma'adinai ko na bankuna, yarjejeniyar ƙungiya da masu aiki ce ke cike wannan giɓi, kuma abin da aka saba ji shi ne ɗaya da rabi a ranakun aiki, ninki biyu a ƙarshen mako da ranakun hutu. Inda babu ƙungiya, mai aiki shi ne mai saye, shi ne mai yanke farashi. Wani ya tsayar da abin da bai taka kara ya karya ba, wani ya ce ya haɗa komai, magana ta ƙare. Abin da ya fi ɗaure mini kai, dokar haraji ta san obatayim sarai. Ƙaramin ma'aikaci ana cire masa kashi 5 cikin 100 daga kuɗin ƙarin lokacin da bai wuce rabin albashinsa ba, da kashi 10 daga abin da ya haura. Gwamnati ta ƙayyade rabonta daga wannan kuɗi da lamba ƙarara. Rabon mai gumin ne aka bari ba lamba. Ina roƙonka, tunda an daɗe ana maganar sabunta wannan doka, a rubuta lambar a cikinta: awar ƙarin lokaci kada ta gaza ɗaya da rabi na awar yau da kullum, ranar hutu da ranar Sallah da ta Kirsimeti kuma ninki biyu. In an rubuta, ko wanda bai yi boko ba zai iya lissafawa a wayarsa.

Na san masu kamfanonin tsaro za su ce aikinsu yana cikin waɗanda doka ta yarda a tilasta ƙarin lokaci, tunda ba a barin ƙofa ba kowa. To, na ji. Dokar ta yi togaciya ga wuraren da yanayin aikinsu ke buƙatar haka. Amma izinin tilastawa daban, izinin hana biya daban. Wurin da doka ta yarda a yi ƙarin aiki ba lada shi ne halin gaggawa, irin haɗarin da ke barazana ga rayuka ko ga ɗorewar wurin aikin kansa. Gobara ce wannan, ko ambaliya irin wadda muka gani a Circle a watan Yunin 2015. Awa 12 kullum, shekara da shekaru, ba gaggawa ba ce, jadawali ne da aka zauna aka tsara.

A kan shi kansa mafi ƙarancin ladan, ba zan tsawaita ba, don kowa ya san bai isa ba. A 2020 yana sidi 11.82, a 2021 ya koma 12.53, sai 13.53, sai 14.88 a 2023, sai 18.15, sai 19.97 a 2025, ga shi yanzu 21.77. A ido kamar ya kusa ninkawa. Amma a Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, ƙarin da aka yi wa ladan shekarar da ta biyo baya kuwa kashi 10 ne, kuma farashin da ya hau a wancan lokaci bai sauko ya koma inda yake ba. Ka ɗauki sidi 21.77 ka cire kuɗin trotro zuwa da dawowa, ka sayi koko da ƙosai da safe, ka tsaya wurin mai shinkafa da wake da rana, ka ga abin da zai rage a kai wa uwargida. Ga mai gida yana neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Wannan wata wasiƙar ce daban. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, duk ƙarin da kwamitinku ya yi, muddin yinin ma'aikaci awa 12 ne ba a biyan huɗun ƙarshe, kashi ɗaya bisa uku na aikinsa ba ya cikin lissafinku.

Za a ce me ya sa ba ku kai ƙara ba, ga Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa nan da dokar ta kafa don sauraron irin wannan koke. Tambaya ce mai kyau, kuma ina ƙarfafa wa duk wanda ke da hali ya je. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai kai ƙara sai ya nuna shaida, mu kuwa yawancinmu ba mu da ko takarda ɗaya. Dokar ta ce aikin da ya kai wata shida dole a rubuta yarjejeniyarsa, kuma cikin wata biyu da kama aiki a ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ni na sa hannu a wata takarda ranar da aka ɗauke ni, aka mayar da ita cikin durowa, ban ƙara ganinta ba. Littafin da muke sa hannu in mun karɓi aiki da in mun miƙa, wanda shi kaɗai ne shaidar awowinmu, na kamfani ne, in ya cika sufabaiza ya tafi da shi. Albashi kuwa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, yake shigowa, lamba ɗaya dunƙule, ba bayanin nawa ne na aiki, nawa aka yanke, don me aka yanke. Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu a masana'antu da shaguna: tunda sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mai aiki ɗaya ya zama na dindindin, sai a sallame shi a wata na biyar, ya zauna gida mako biyu, a sake ɗaukarsa sabo. Na san masu ɗaukar kaya a wata masana'antar ruwan leda da suka shekara huɗu a haka.

Sai kuma tsoro. Doka ta ce korar mutum don ya kai ƙarar mai aiki kora ce ta zalunci. Amma ba sai an kore ka ba. A ɗauke ka daga wurin da ke kusa da gidanka a jefa ka bayan Kasoa, inda kuɗin mota zai cinye rabin albashin, da kanka za ka ajiye kakin. A bakin ofis kuma ga samari a layi da takardun neman aiki. Shi ya sa in ka yi wa maigadi maganar haƙƙinsa sai ya girgiza kai ya ce da babu gara ba daɗi. Ban ga laifinsa ba, ni ma na faɗa.

Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, mutumin ƙasar Kusasi, mai yawan azumin Litinin da Alhamis. Kowane wata ana gaya masa an cire kashi 5.5 na SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, daga albashinsa, wanda ya kamata kamfani ya ɗora kashi 13 a kai ya kai. Da ya cika 60 ya je neman fanshonsa, aka duba aka ga watannin da aka biya masa ba su kai ko kusa da 180 ɗin da ake buƙata ba, alhali ya yi aikin da ya zarce haka. Ya koma gida da jakarsa ɗaya. Da yana karɓar takardar albashi kowane wata, da ya san yadda ake dubawa, da an gano abin tun da sauran ƙarfinsa.

Saboda haka roƙona na biyu ƙarami ne, kuma ba ya cin kuɗi: takardar albashi ta zama dole, ko a kan takarda ko ta saƙon waya, ta nuna awa nawa aka yi, nawa ne na ƙarin lokaci, me aka yanke. Ajiye rajistar awowi ya zama nauyin mai aiki, in rigima ta tashi kuma ba shi da rajistar, a ɗauki maganar ma'aikaci.

Ranka ya daɗe, bari in zo ga abin da nake ganin ya fi shafar gwamnatinku kai tsaye. Tun lokacin yaƙin neman zaɓe muke jin maganar tattalin arzikin awa 24, aiki ɗaya, mutum uku, karɓa-karɓa sau uku, kuma Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin a watan Yulin 2025. Mu masu gadi tun fil azal muke aikin awa 24, mu da masu gidan burodi da masu ba da mai da masu jinya a asibitocin kuɗi. Sai dai mutum biyu ke yin aikin mutum uku. Kowace ƙofa da ka gani da maigadi dare da rana, akwai gurbin mutum na uku a wurin, an raba shi tsakanin biyun nan suna yi kyauta. Muddin waɗannan awowi huɗu ba su da farashi, babu mai kamfanin da zai ɗauki na ukun, don me zai biya abin da yake samu a banza? Ranar da awa ta tara ta fi ta takwas tsada, ranar ce mai lissafi zai ga ɗaukar ƙarin mutum ya fi masa sauƙi. Samarin da ke zaune a majalisun shayi na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Ashaiman, wani ɓangare na aikin da suke nema yana hannun iyayensu da yayyensu, waɗanda gajiya ta kusa kayarwa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Akwai masu kamfani da za su ce wanda ya ba su kwangila bai biya abin da zai ishi mutum uku ba, kuma wasunsu gaskiya suke faɗa. Kamfanoni na karya wa juna farashi don su sami kwangila, kuma inda ake ragewa kullum shi ne aljihun maigadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma gidaje da ƙananan shaguna da in farashi ya tashi za su sallami kamfani su ɗauki wani bawan Allah kai tsaye a kan abin da ya fi wannan muni. Shi ya sa nake ganin a fara daga sama. Bankuna, kamfanonin waya, manyan otal-otal, ofisoshin jakadanci, da ma'aikatun gwamnati da kansu, waɗannan ba rashin kuɗi ke damunsu ba. Yanzu haka mai neman kwangilar gwamnati sai ya nuna takardar shaidar biyan haraji da ta SSNIT. A ƙara ta uku, mai nuna cewa ma'aikatansa awa 8 suke yi ko ana biyansu ƙarin. Kamfanonin tsaro kuma daga Ma'aikatar Cikin Gida suke karɓar lasisi. Ku zauna da takwaranka na can, a ɗaura sabunta lasisi a kan wannan shaida. Jami'an duba wuraren aiki, waɗanda doka ta ba ikon shiga su bincika, a ba su abin hawa da man da za su fita, su riƙa zuwa da dare, su yi magana da maigadi shi kaɗai ba a gaban sufabaiza ba.

Yanzu ka ba ni dama in juya ga mutanena, don in na tsaya a kan kamfanoni kaɗai ban yi adalci ba. A cikin zango ma muna yi wa juna. Alhaji mai gidan burodi da yaransa ke kwana gaban tanda, Hajiya mai abinci da 'yan matanta ke tashi ƙarfe uku na dare su dafa su sayar su wanke tukwane har bayan la'asar, mai tirela da yaron motarsa ke bin hanyar Tema zuwa Wagadugu mako biyu a kan kuɗin abinci kawai, mai makarantar kuɗi da ke riƙe albashin malamai duk lokacin hutu. In ka yi magana sai a ce ai ɗan gida ne, ai 'yar ƙanwata ce, ai taimakonsa nake yi. Zumunci gaskiya ne, kuma na san alhazan da suka aurar da yaransu suka kafa musu jari, Allah ya saka musu. Amma na san waɗanda suka yi shekara goma ana ce musu 'yan gida, ranar da aka ɓata suka fita da kayan jikinsu. Dukanmu mun haddace hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma mun san abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa su cika, in za su bayar su rage. Wanda ya karɓi awa 12 ya biya 8, ban san sunan da za a ba shi ba in ba wannan ba. Ina roƙon limamanmu, daga ofishin Babban Limamin Ƙasa Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu har zuwa masallatan lungu, su ware huɗuba a kan haƙƙin ma'aikaci, su kira abin da sunansa, har da lamba.

'Yan aikin gida su ne suka fi kowa shiga duhu. Dokar 2003 ta cire su daga sassan da suka ƙayyade awowi da hutu, sai a 2020 aka fitar musu da ƙa'idoji na musamman, masu lamba 2408, waɗanda suka ce a rubuta musu yarjejeniya kuma kada a biya su ƙasa da mafi ƙarancin lada. Shekarun da na yi a ƙofar gidan East Legon, yarinyar da ke aiki a ciki takan riga ni tashi in ina aikin rana, in ina na dare kuma ina ganin fitilar kicin a kunne har sha ɗaya. Ban taɓa haɗuwa da 'yar aiki ko uwar ɗakin da ta san da waɗannan ƙa'idoji ba.

Wannan ya kawo ni ga roƙo na ƙarshe. Duk shekara in kwamitinku ya kammala zama, sanarwa na fita da Turanci, ana cewa duk wanda ya saɓa za a hukunta shi bisa doka. Wanda aka yi sanarwar dominsa yana bakin ƙofa da ƙaramar rediyo a kunne, kuma da yawa ba Turancin takarda suke ji ba. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani da Hausa, ga tashoshin unguwanni birjik. A faɗi sabon lada a waɗannan harsuna, a faɗi na awa ɗaya ba na yini kaɗai ba, a faɗi cewa yini awa 8 ne, a maimaita har ya zauna. A buɗe layin waya da mutum zai kira da harshensa ba tare da an kai sunansa ga mai aikinsa ba. In kuma an hukunta wani kamfani, a faɗa a rediyo mu ji, domin labarin hukunci ɗaya zai zaga duk ƙofofin Akra kafin gari ya waye. Ga 'yan uwanmu na TUC kuma, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, waɗanda ke zama a teburin nan da sunan ma'aikata, ina tuna musu cewa wanda ladan yini ya fi shafa shi ne wanda ba shi da katin ƙungiya. Su fito su neme mu a inda muke.

Makon jiya wani saurayi daga Mamobi, ɗan wani abokina da ya rasu, ya zo shagona in buga masa takardar neman aikin gadi. Ya gama sakandare, shekara uku yana zaune. Ina bugawa na ce masa, in sun kira ka, ka tambayi awa nawa ne, ka tambayi nawa suke biyan ƙarin lokaci, ka kuma nemi kwafin duk abin da ka sa wa hannu. Ya ce, Baba, in na yi waɗannan tambayoyi wani za su ɗauka. Na rasa abin da zan ce masa, na gama bugawa na miƙa masa ban karɓi kuɗinsa ba. Sun kira shi, zai fara ranar ɗaya ga wata, aikin dare, shida zuwa shida.

In kana so ka gan su da idonka, ranka ya daɗe, ba sai an shirya taro ba. Ka zo babban titin Nima da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba jiniya, ka tsaya inda trotro ke lodi. Za ka gan su da kaki a cikin leda, suna jiran motar farko. Ka tambayi ko wanne daga cikinsu ƙarfe nawa zai dawo gida.

Wassalam. Naka cikin girmamawa,

Wani tsohon maigadi,
Nima, Akra.